Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jinyar Tarwaɗa a Tankunan Gida a Jega, Aliero da Maiyama

Da sanyin safiyar wata Laraba, a tsakiyar hunturu, yayata ta kira ni daga Jega muryarta na rawa. Kifinta ne. Tun da ta idar da sallar asuba ta ɗage buhun da take rufe tankin da shi, hankalinta bai sake kwanciya ba.

Na same ta tsaye a bayan ɗakin girki, inda tankin tamfol ɗin yake, yara sun zagaye ta sun yi tsit. Tarwaɗa bakwai na kwance a daro, cikinsu na kallon sama. Waɗanda suka rage a ruwa kuwa, da yawa sun miƙe cak, kai sama wutsiya ƙasa, gashin bakinsu na taɓa saman ruwan kamar an rataye su da zare. Na sa hannu na ɗauko ɗaya. Ko yunƙurin zillewa ba ta yi ba. A gefen cikinta akwai jan gyambo mai faɗin kwabo, gashin bakinta biyu sun guntule, bakin guntun ya yi fari.

A gefen tankin ga ledar kemis, da kafso ja da yalo kati uku. Tun daren jiya ta farke guda goma ta zazzage a ruwan, domin haka wata maƙwabciya ta ce ana yi.

Na duƙa na sunsuni ruwan. Wari ne mai hawa kai, irin na makewayin da ya kwana biyu bai ga tsintsiya ba. Na ce, "Yaya, yaushe rabon da a canza ruwan nan?" Ta yi shiru tana ƙirga da yatsu. Kwana tara. Man injin jawo ruwa ya ƙare, ɗan kuɗin da ke hannunta kuma ta ga gara ta sayo wa kifin abinci.

Duk wanda ya zaga gidajen da ake kiwon tarwaɗa a Jega da Aliero da Maiyama zai ji irin wannan labari, suna da unguwa kawai ke canzawa. Kifi ya daina ci, a garzaya kemis, a zuba magani, a wayi gari da daro cike da gawa. Ruwan da kifin ke kwance a ciki kuwa, shi ne na ƙarshe da ake tuhuma.

Daga gulbi zuwa bayan ɗaki

Ba a koya wa mutumin Kebbi kifi. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali tun 1934, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Jega kanta a bakin Gulbin Zamfara take, kuma duk wanda ya bi titin da ya ratsa Maiyama ya nufi Koko da Yauri ya san inda Sarkawa ke fito da kifi daga Neja. Yaro a wannan yanki zai iya bambance maka tarwaɗa da ramboshi, ya nuna maka kurungu da karfasa da ragon ruwa, ya gargaɗe ka kada ka taɓa minjirya.

Sai dai wannan duka ilimin kamun kifi ne. Masunci bai taɓa zaman jinyar kifi ba. Gulbi ne ke ciyar da shi, gulbi ke wanke ƙazantarsa, wanda ya raunana kuma tsuntsu ko babban kifi ya ɗauke shi kafin wani ya gani. Bafulatani ya gaji sanin ciwon saniya, tsohuwa ta san abin da za ta jiƙa wa kaza idan ta fara gyangyaɗi, amma babu wanda ya gaji maganin kifi daga kakansa.

Abin da ya shigo da kifi cikin gida buƙata ce. Ƙiyasin da hukumomi ke yawan ambata shi ne Najeriya na buƙatar kifi sama da tan miliyan uku a shekara, abin da take samarwa kuwa bai fi miliyan ɗaya da ɗan wani abu ba. Masunta na kukan kamu ya ragu. Gefe guda ga masu gasa kifi da masu farfesu da masu banda suna neman kaya kullum. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, kuma mafi yawan masu kiwon ƙanana ne.

A yankinmu za ka ga malamin makaranta da ɗan fansho da matar aure da ba ta fita, da matashin da ya gama jami'a bai sami aiki ba, kowa ya kafa tankin tamfol ko na roba, ko ya gina kandamin siminti a lungun gida. Wata huɗu zuwa shida, in Allah ya yarda, an sayar. Mai sayar da 'ya'yan kifi kan sallami mai saye da kalma guda: tarwaɗa ba ta da laulayi.

Taurin ran da ke ruɗin mai ita

Akwai gaskiya a maganar. Bayan mashaƙar da kowane kifi ke da ita, wato jan naman nan mai kama da matsefi a gefen kai, Allah ya yi wa tarwaɗa wata gaɓa mai rassa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya kusa ƙafewa, take jan ciki a ƙasa da ƙayoyinta idan dare ya yi ta koma wani ruwan, take kuma yini a daro a kasuwa da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba.

Wannan juriya ce ke cutar ta a hannun mai kiwo. Karfasa idan ruwa ya lalace takan fi saurin mutuwa, mai ita ya farga. Tarwaɗa kuwa sai ta yi ta haƙuri, tana leƙowa tana shan iska tana komawa, mai ita na ganin komai lafiya, alhali ruwan na cin jikinta a hankali. Ranar da za ta nuna alama, an riga an yi nisa.

Kuma ba ta da ɓawo. Fata ce zalla da yauƙi a kanta, yauƙin nan shi ne rigarta, shi ne garkuwarta. Duk abin da ya goge shi ya buɗe wa cuta ƙofa. Rashin ɓawon ne ma ya sa magungunan da wasu kifaye ke jurewa suke ƙona ta.

Abin da ke narke a ruwan

Kifi na ci a ruwa, yana kashi a ruwa, yana numfashi a ruwan. Ta mashaƙarsa yake fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe shi ma amoniyar yake haifarwa. Ba a ganinta da ido. Ruwa na iya zama garau alhali ya cika da ita. Tana ƙona mashaƙa, tana kashe sha'awar abinci, kuma dafinta na ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ya yi kaifin kanwa, kamar yadda yake yi a sabon kandamin simintin da ba a jiƙa aka wanke sau da yawa ba kafin a zuba kifi.

Wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a bangon tanki sukan juya amoniyar zuwa wani sinadarin, nitirayit. Shi kuma jini yake shiga ya hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Kifin da ya sha wannan zai yi ta haki ko da sabon ruwa ne a kansa.

A tanki mai cin lita dubu, masu horar da manoma kan ce kada manyan kifi su wuce ɗari, kuma wannan ga mai ruwa a wadace ne, mai rage wani kaso kullum ko bayan kwana ɗaya. Yayata ɗari uku ta zuba, domin da suna ƙanana kamar yatsa tankin ya yi musu yawa. Ba ta lissafa da ranar da kowace za ta kai rabin kilo ba.

Sai kuma tsadar ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta taɓa dubu a wurare da dama. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Abinci dama shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, shi ma ya yi tashin gwauron zabo. Idan aljihu ya matse, mutum kan zaɓi abin da idonsa ke gani: kifi na buɗe baki yana neman abinci, ruwa kuwa ba ya magana. Ga tarwaɗa kuwa, kwana biyu babu abinci ba komai ba ne, kwana tara a ruwa ɗaya tana cin cikinta kullum shi ne ajali.

Hunturu da bazara, kowa da nasa sharri

Tarwaɗa ta fi walwala idan ɗumin ruwa na tsakanin digiri 26 da 30. A Disamba da Janairu, idan iskar hunturu ta kaɗa da dare, ƙaramin tankin da ke tsaye a sarari kan huce ya sauka ƙasa da 20 kafin asuba. A irin wannan sanyi cikinta ba ya narkar da abinci, garkuwar jikinta ta yi rauni. Mai kiwo kuma ya fito da sassafe ya watsa abinci yadda ya saba, abincin ya nutse ya ruɓe. A lokacin ne ake ganin wani farin abu kamar auduga ya tsiro a kan rauni. Fumfunar ruwa ce, sanyi take so.

Dabarar ba ta da tsada. A rufe tankin da leda ko buhu tun magariba, a bar kafar iska, domin tarwaɗa sai ta leƙo ta shaƙa. A ɗage ciyarwa zuwa hantsi ko azahar, a kuma rage yawanta. Ruwan rijiya ko na burtsatse da aka jawo yanzu ya fi na tanki ɗumi da safe, don haka ƙara shi kaɗan-kaɗan na taimakawa.

Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki. Baƙin tankin roba a tsakar rana tukunya ne. Rumfar zana ko inuwar bishiya ta wadatar, sai kuma a ƙara yawan canjin ruwa, tunda a zafi ne amoniya ta fi dafi.

Raunin da hannunmu ke jawowa

Da yawan gyambon da ake gani ba cuta ce ta fara shi ba. Rauni ne.

'Ya'yan kifi kan yi doguwar tafiya a cikin jarkar da aka yanke bakinta, wasu daga wajen New Bussa, wasu daga kudu, mota na jijjiga su suna gogar juna. Suna isowa a juye su cikin ruwan da ɗuminsa ya bambanta da na jarkar, a watsa musu abinci don murna. Bayan kwana uku su fara mutuwa. Daidai shi ne a riƙa ɗibar ruwan tankin ana ƙarawa a jarkar a hankali har kusan rabin awa, sannan a sake su, a kuma bar su ba ci sai washegari.

Bangon simintin da ba a goge ya yi sumul ba yana kankare ciki da gashin baki. Koma mai kaushi tana sarƙe ƙayar gefe, a fizgo da ƙarfi ƙayar ta karye. Busasshen hannu yana kwashe yauƙi. Yara su shigo da baƙi kallon kifi, a kama wannan a saki, a kama wancan.

Sannan tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. A kowane zubi akwai 'yan kaɗan da ke tsere wa sauran a girma, su ne ke bin ƙanana suna gatsa musu wutsiya, in sun samu su haɗiye. Wanda ba ya tace kifinsa duk bayan mako biyu a farkon kiwo, yana ware manya daga ƙanana, zai yi ta ganin adadi na raguwa ba tare da gawa ba.

Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da maɗora, har daga nesa ake kawo masu karaya. Abin da kowane maɗori ke nanata wa majinyaci shi ne ya bar wurin ya huta, kada a yi ta taɓawa. Hukuncin kifi mai rauni ke nan. Fatar tarwaɗa na saurin haɗewa, gashin bakin da ya guntule ma yakan sake tohowa, muddin ruwan da take ciki mai tsabta ne kuma ba a damunta.

Karanta jikin kifi

Jan gyambo, jini-jini a gindin ƙaya, ciki ya kumbura da ruwa, ido ya firfito: wannan yawanci aikin wata bakteriya ce da masana ke kira Aeromonas. Tana nan a kusan kowane ruwa, har a tankin da kifinsa ke lafiya, jiran rauni kawai take. Fari-farin tabo a baya, da zaizayewar wutsiya da gashin baki, wata bakteriyar ce daban. Idan kifi na goga jikinsa a bango yana zabura, ko ƙananan fararen ɗigo kamar gishiri suka bayyana a fatarsa, ƙwari ne da ido ba ya gani suka manne masa, kuma kafso ba ya taɓa su ko kaɗan.

Akwai waɗanda daga abinci suke. Fashewar kai, inda ƙashin kan kifi ke tsagewa ta baya ya yi ja, an danganta ta da ƙarancin bitamin C. Wannan bitamin ba ya jure zafi da daɗewa, don haka buhun abincin da ya yi watanni a shago mai rufin kwano, ko haɗin gida na dusa da ƙuliƙuli da waken suya da ba a sa masa ƙarin sinadari ba, kan rasa shi. Masara ko ƙuliƙulin da ya yi fumfuna na ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Masu jefa wa kifi kayan cikin kaji da matattun kajin gona don rage kuɗin abinci kan ga fatarsa ta koma ruwan ɗorawa kamar mai shawara. Ƙanana kuma idan aka cika musu ciki fiye da kima, hanji kan fashe, cikin ya yi ja ya buɗe.

Ciwo iri-iri ne, amma a bakin mai kiwo sunansu ɗaya: kifi ya kamu. Maganin ma ɗaya ake nema.

Ja da yalo

Masu kiwo na da hujjarsu, kuma ban raina ta ba. Likitan dabbobi ba ya kusa, wanda ke kusa ma shanu da awaki da kaji ya fi sani. Kuɗin ɗauko shi na iya fin kuɗin kifin da suka mutu. Kemis kuwa ga shi a bakin layi. Wasu za su rantse maka sun zuba kafso kifinsu ya tashi. Idan ka bi diddigi, sau da yawa za ka tarar a ranar ne suka canza ruwa suka kuma tsayar da abinci, kafson ya karɓe yabon.

Mai kemis zai ce shi abin da aka tambaya ya bayar. Mai sayar da iri zai ce ruwanka ne ba kyau, kai kuma ka ce irinsa ne ba kyau. A nan kowa na da ɗan rabo, domin wuraren ƙyanƙyasa da ke haɗa uwa da uba daga zubi ɗaya shekara da shekaru na fitar da 'ya'ya marasa ƙwari, wasu da lanƙwasasshen baya.

Likitocin dabbobi na kallon abin ta wata fuska. Maganin da ke cikin ja da yalo, idan aka zazzage shi a ruwa mai nauyi, yawancinsa kan ɗaure da sinadaran ruwan ya zama banza. Abin da ya rage bai isa ya kashe cutar ba, sai dai ya koya mata jure shi, ya kuma kashe ƙwayoyin nan masu amfani da ke rage amoniya. Idan har ciwon na bakteriya ne, a cikin abinci ake cuɗa magani, da awo daidai da nauyin kifi, na adadin kwanaki sananne. Wanda ya daina ci kuwa maganin ba zai kai gare shi ba.

Abin da ya fi damuna yana gaba da tanki. Bayan an gama ba kifi irin wannan magani, ana son a jira kimanin mako uku kafin a ci shi. A zahiri, mai kiwon da ya ga kifinsa na mutuwa kan kira dillali a ranar, a kwashe a rahusa, a kai wa masu banda. Hayaƙi na rufe gyambo, amma ba ya cire magani daga tsoka. Mafi yawan malamai sun ce mushen kifi halal ne. Halaccin bai ba kowa izinin ɓoye aibin kaya ga mai saye ba, bai kuma halatta cutar da wanda zai ci ba.

Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka na cikin inda abin ya fi muni. Kafson da aka zuba wa kifi a lungun gida, ruwansa ya bi kwata, shi ne dai wanda za a rubuta wa yaro gobe. A 2018 Amurka ta rufe ƙofarta ga bandar tarwaɗar Najeriya saboda ƙasar ba ta gabatar da bayanan tsarin duba lafiyar kifinta yadda aka nema ba. Mai cin kifi a kasuwar Jega ba shi da wata hukuma a bakin daro da za ta tambayar masa.

Shuwaka, darbejiya da gishiri

Wasu kan murje shuwaka su tace a ruwan kifi, wasu tafarnuwa suke dakawa su cuɗa a abinci, wasu ganyen gwanda ko darbejiya. Jami'o'inmu sun yi gwaje-gwaje a kan waɗannan ganyaye, kuma akwai alamun amfani a wasunsu. Matsalar awo ce. Darbejiya idan ta yi yawa kashe kifi take, ganyen da aka bari ya kwana a tanki kuma ruɓewa yake ya ƙara ɓata ruwan.

Abin da ya fi tabbata cikin kayan gida shi ne gishiri. Yana sauƙaƙa wa kifi mai rauni wahalar daidaita ruwan jikinsa, yana tare nitirayit daga shiga jini, yana kuma rage ƙwarin fata da fumfuna. Gram 1 zuwa 3 a kowace lita ya isa a bar kifi a ciki na kwanaki, wato kilo ɗaya zuwa uku a tanki mai lita dubu, ko kimanin babban cokali uku a jarka mai lita 25. A narkar da shi a bokiti tukuna, kada a watsa shi gaya a kan kifi. Duk ruwan da aka rage, a mayar da gishirinsa gwargwado.

Abu ɗaya da manomin albasa zai so ya sani: ruwan tankin kifi taki ne mai kyau ga zogale da alayyafo da rainon albasa, amma wanda aka sa wa gishiri ko magani kada ya je gindin shuka.

Bahon jinya

A Turai da Amurka da Asiya akwai masu ajiye kifi a akwatin gilashi don ado, kuma cikin waɗanda suke saya da tsada har da dangin kurungunmu, wanda ke ƙara idan an kama shi, wani nau'insa ma a rigingine yake iyo. Abin da ya kamata mu ara daga gare su al'ada ce guda. Mai kula a cikinsu na da ƙaramin akwati na biyu a gefe, babu ado a ciki, domin baƙon kifi da marar lafiya. Baƙo sai ya yi makonni a can kafin ya shiga cikin sauran.

Wannan muka yi a gidan yayata da babban bahon wanki guda biyu. Muka tsame matattu aka binne su da zurfi a bayan gida, don kada kaji ko kyanwa su ja. Muka sayo ruwa daga 'yan garuwa, muka zubar da rabin na tankin ta ƙasa inda dattin ya kwanta, muka ƙara sabo a hankali, ba a kwara shi gaba ɗaya ba. Da na famfo ne mai sinadarin kulorin, da sai ya kwana a buɗe tukuna. Masu gyambo muka ɗebe su da jiƙaƙƙen tsumma, hannu a bayan kai saboda ƙaya, muka sa su a baho da ruwan gishiri, muka rufe da tsohon gidan sauro don kada su yi tsalle, muka ja bahon inuwa inda babu hayaniya. Aka ware musu komarsu da bokitinsu. Na sa yaran suka wanke hannu da sabulu, domin ƙwayar da ke cin fatar kifi na iya shiga ciwon da ke hannun mutum, sukar ƙayar tarwaɗa kuma takan yi kumburi.

Abin da ya fi yi mata wuya shi ne hana su abinci kwana biyu cur. Sau uku ina hango ta ta nufi buhun ta fasa.

Wa za a kira?

Ilimin na nan, nisa ne ya yi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana New Bussa a gefen tafkin Kainji, tare da kwalejin horar da ma'aikatan kifi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a Aliero a 2006 na da tsangayar aikin gona, gonar gwajinta ma a Jega take. Matar da ke kulle da tankinta a bayan ɗaki ba ta da hanyar isa ko ɗaya daga cikinsu, sai abin da ta ji a WhatsApp ko daga bakin maƙwabciya.

A ganina ba sai an jira babban shiri ba. 'Yar kwalbar gwajin amoniya da ma'aunin zafin ruwa ba su kai kuɗin buhun abinci biyu ba, masu kiwo goma a unguwa za su iya haɗa kuɗi su saya su riƙa karɓa-karɓa. Haka famfo mai aiki da hasken rana, wanda manoman rani a fadamun yankin suka fara rungumar sa. Ɗaliban aikin gona da ke neman wurin gwajin aiki, ga tankuna nan a gidajen da ke kewaye da makarantarsu. Shirin rediyo na rabin awa da Hausa a farkon hunturu zai ceci kifin da ba a san adadinsa ba. Mai sayar da iri kuma, kafin ya karɓi kuɗi, ya tambayi mai saye girman tankinsa da inda yake samun ruwa.

A gidan yayata an ƙara rasa kusan ashirin a kwana ukun farko, daga nan mutuwar ta tsaya. A rana ta huɗu waɗanda ke tankin suka fara rububin abinci, aka ba su rabin abin da suka saba. Na bahon kuwa sai da suka yi kusan mako uku. Gyambon ya riƙa tsukewa daga gefe yana yin fari, har ya zama tabo. Saboda kafson nan goma da ta zuba, ta ƙi sayar da ko ɗaya sai da wata guda ya cika, duk da dillali ya zo har sau biyu.

A zubi na gaba ɗari da ashirin ta saya. Kuɗin mai yanzu gwangwaninsa daban a ƙarƙashin gado, shi take fara cikawa kafin na abinci. Bahon nan biyu ba su koma wanki ba, suna kife a jikin tankin da ƙullin gishiri a kansu.